Laifin gem ne ko na bindiga? Muhawara kan harbe-harben makarantu a Amurka

Abban Yusra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so ku taya ni dubawa. Kun tuna harin makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde na jihar Texas, ranar 24 ga Mayu 2022, inda wani matashi ɗan shekara 18 ya shiga aji ya kashe yara 19 da malamai mata biyu? To a Mayun 2024 iyayen yaran sun garzaya kotu, kuma ba Daniel Defense da ya ƙera bindigar kaɗai suka yi ƙara ba. Sun haɗa da Activision masu wasan Call of Duty, da Meta mai Instagram. Hujjarsu ita ce wasan ne ya sabar wa yaron da irin wannan bindiga tun yana ƙarami, Instagram kuma ya riƙa kai masa tallanta har cikin ɗaki. Ni tasi nake tuƙawa a New York, 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati, babban cikinsu kuwa da ya dawo gida sai wannan wasan. Shin iyayen nan suna da gaskiya? In ƙwace na'urar ko in ƙyale shi?

Baffa Kurna:
Wa alaikumus salam. Ƙwace, Abban Yusra, yau ba sai gobe ba. Abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa. Yaro ya wuni yana auna kawunan mutane, duk wanda ya fasa a ba shi maki, a tafa masa, sannan a ce wai babu abin da hakan zai yi wa zuciyarsa? Su kansu Turawan sun faɗa. Yaran nan biyu da suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a makarantar Columbine a 1999, ai an tabbatar sun nutse a wani wasan harbi mai suna Doom. Me kuma ake jira?

Ummi Zariya:
Baffa, Allah Ya ƙara girma. A yi mini izini in sa baki, don wannan fannin nake karanta. Gaskiya ne yaran Columbine suna buga Doom. Amma miliyoyin yara sun buga shi a wannan zamanin ba su taɓa ko kaza ba. Idan kusan kowane matashi a Amurka yana buga irin waɗannan wasanni, to dole duk matashin da ya yi kisa a tarar da su a ɗakinsa. Samun abu a ɗaki bai nuna shi ne sanadi ba.

Bayan Columbine, hukumar Secret Service da ma'aikatar ilimi ta Amurka sun zauna sun bi diddigin hare-hare 37 a makarantu, maharan su 41. Kusan kashi 12 cikin 100 ne kawai aka samu suna da sha'awar wasannin bidiyo na kisa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, a mafi yawan hare-haren, akwai wanda ya san da shirin tun kafin ranar, galibi aboki ko ɗan aji, amma maganar ba ta kai kunnen manya ba. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, tun kafin a gama ɗauke gawarwaki wasu suka hau talabijin suna cewa gem ne. Kwamitin da gwamnan jihar ya kafa bai samu cewa yana buga wasannin yaƙi ba. Wanda ya buɗe wa 'yan kallon waƙa wuta daga tagar otel a Las Vegas a 2017, shekarunsa 64.

Baffa Kurna:
To 'yata, kina nufin masana sun ce babu komai ke nan? Ni na sha ji a rediyo cewa bincike ya nuna yana sa yara faɗa.

Ummi Zariya:
Abin da ka ji yana da tushe, Baffa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin waɗannan wasanni da ƙaruwar zafin rai. Sai dai ka ji yadda ake auna zafin ran a da yawa daga cikin gwaje-gwajen. A sa ɗalibi ya buga gem na ɗan lokaci, sannan a duba ƙarfin ƙarar da zai sakar wa abokin karawarsa a kunne, ko yawan miyar barkonon da zai zuba wa wanda aka gaya masa ba ya son yaji. Tsakanin zuba wa mutum barkono da shiga aji da bindiga akwai tafiya mai nisa. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar ta sake fitowa ta ce babu isasshiyar hujjar kimiyya da za a jingina kisa ga wasannin bidiyo, kuma yin hakan yana kawar da hankali daga abubuwan da suka fi muhimmanci.

Maman Hanif:
Ni dai a Houston nake, kuma tun da Abban Yusra ya ambaci Uvalde jikina ya yi sanyi. Bari in gaya muku abin da ba a nunawa a labarai. Makarantun nan suna yi wa yara atisayen ɓuya. Sai a yi sanarwa, malama ta kulle ƙofa, ta kashe fitila, ta rufe ɗan gilashin jikin ƙofar da takarda, yara su tattaru a kusurwar da ba a hango su, kowa ya kama bakinsa. Autata shekararta shida. Rannan na shiga ɗakinsu na tarar ta jera 'yan tsanarta a cikin kwaba ta ja ƙofa, tana ɗora yatsa a baki tana ce musu kada su yi motsi. Wallahi sai da na koma kicin na yi kuka. Yarinyar nan ba ta taɓa riƙe abin buga gem ba, amma ta san yadda ake ɓuya wa mai bindiga.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na haddace yadda abin yake tafiya. Ranar farko kuka da kyandir da furanni a bakin makaranta. Rana ta biyu 'yan siyasa su ce suna taya iyalai addu'a. Rana ta uku wani ya fito ya ce gem ne, ko fim ne, ko waƙa ce. Kafin mako biyu an wuce wurin. Bayan kisan yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, mako guda cif shugaban NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya kira taron manema labarai ya ɗora laifi a kan masu yin gem da fina-finai. NRA fa ita ce babbar ƙungiyar masu kare mallakar bindiga. Bayan wata huɗu aka kai ƙudurin faɗaɗa binciken mai sayen bindiga gaban Majalisar Dattawa, ya samu ƙuri'a 54, ana buƙatar 60, ya mutu a nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Abban Yusra:
Allah Ya tsare mana su, Maman Hanif. Mu ma nawa suna yin wannan atisayen. Abin da kika faɗa ya tuna mini 2019. Bayan an kashe mutum 23 a kantin Walmart na El Paso, Shugaba Trump ya fito ya ambaci wasannin bidiyo. Walmart ya umarci shagunansa su sauke allunan tallan gem masu nuna harbi, alhali bindigogi suna nan a kan kanta ana sayarwa. Sai bayan kusan wata guda, da surutu ya yi yawa, suka daina sayar da wasu nau'o'in harsasai. Kuma maharin nan ya rubuta dalilinsa da hannunsa kafin ya fita: ƙiyayyar 'yan asalin Latin Amurka ce ta sa ya yi tuƙin awanni ya je garin.

Mai Gidan Gem:
Salamu alaikum. Tunda sana'ata ake magana bari in ce wani abu. Ina da shagon gem a Kano, talabijin shida, janareta, benci. Na san yaran unguwa ciki da bai. Wanda aka fi bugawa ƙwallo ne, nesa ba kusa ba, kuma duk rigimar da na taɓa rabawa a shagon nan a kan ƙwallo ce: an ci mutum uku ba ko ɗaya, abokai sun yi masa dariya, ya wurgar da abin bugawa. Masu PUBG da Call of Duty a waya kuwa sukan zauna a gefe su huɗu, kowa da abin ji a kunne, suna kiran juna a zo a taimaka. Ban ce abin kirki ne yaro ya ƙare rayuwarsa a haka ba. Amma wasan da yaron Uvalde ya buga shi ne dai ake bugawa a shagona, shi ake bugawa a Japan da Koriya ta Kudu. Me ya sa a can ba a shiga aji a harbe yara?

Ummi Zariya:
Tambayar ke nan, Yaya. Japan ita ce gidan Nintendo da PlayStation, amma akwai shekarun da waɗanda aka kashe da bindiga a duk ƙasar ba su kai goma ba. Mutumin da ya kashe tsohon firaminista Shinzo Abe a 2022 sai da ya haɗa bindigarsa da hannu, don samun ta a kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Amurka kuwa, ƙiyasin cibiyar binciken makamai ta Small Arms Survey na 2017 ya ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Bindigogin sun fi mutanen yawa. Yaron Uvalde kwanaki kaɗan bayan ya cika 18 ya sayi bindigogi biyu ƙirar AR-15 bisa doka, a ƙasar da sai ya kai 21 za a sayar masa da giya.

Kuma an ga abin da wasu suka yi. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Scotland a 1996, Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogin hannu. A shekarar dai aka kashe mutum 35 a Port Arthur ta Ostireliya, gwamnatin John Howard ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata su. Dukkansu ba su daina kallon fina-finan Amurka ba.

Malam Na Islamiyya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an cakuɗa tambayoyi biyu. Ta farko, shin gem ne ke sa a kashe yara a makarantun Amurka? Hujjojin da Malama Ummi ta kawo sun gamsar da ni cewa ba shi ne ba. Ta biyu, shin ya dace uba Musulmi ya zuba ido ɗansa ya kwana yana kisa a allo? Wannan ba sai an jira masu bincike ba. Ina da ɗalibai da suke zuwa hadda ido jajur, ka tambaya a ce sai ƙarfe uku suka ajiye waya. Asuba ta wuce, karatu ya zube, uwa ta yi kira uku ba a amsa ba. Kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Don haka kada a ce tunda gem bai kashe kowa ba, Baffa ba shi da magana. Yana da ita.

Baffa Kurna:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Ni abin da nake gudu ke nan, a wanke abin tas a miƙa wa yara. Kuma mu nan ai mun gani. Da fina-finan daba suka yi yawa, ba ga yara nan suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu da yadda suke riƙe wuƙa ba? Har sai da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta taka musu burki.

Mai Gidan Gem:
Baffa, da girmamawa, daba ta girmi fim ɗin Hausa. Kai ka fi ni sanin 'yan banga tun zamanin NEPU da NPC, lokacin ko talabijin babu a gidaje. Fim ya samu daba a gari ne ya ɗauka. Na yarda yaro zai iya ɗaukar salon magana daga fim, ina jin su a shago. Amma wanda ke ba shi ƙwaya da kuɗi ranar kamfen ba a fim yake ba.

Ɗan Gusau:
Ku yi haƙuri, ni maganar "a karɓe bindiga" ce ba ta zauna mini ba. Ku da kuke birni kuna da sauƙin faɗa. Mu da muka ga an shigo ƙauye an kwashe mutane, mai gida na tsaye da sanda, mun san darajar bindiga a hannun mutumin kirki. A 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kai. Ba'amurken da ya ce ba zai ba da tasa ba, ni na fahimce shi. Da malaman Uvalde suna da bindiga fa?

Maman Hanif:
Ɗan'uwa, Allah Ya kawo muku ƙarshen wannan masifa, ba zan yi maka gardama a kan abin da ka gani da idonka ba. Amma ka san masu bindiga nawa ne suka hallara a makarantar Uvalde a ranar? Jami'an tsaro 376, da horo da sulke da manyan makamai. Sun yi minti 77 kafin su fasa ajin, yara na ciki suna kiran lambar gaggawa suna raɗa a zo a cece su, iyaye na waje ana tare su. Ba rashin bindiga ne ya kashe yaran nan ba. Wanda yake da ita ya yi shakkar tunkarar irin wadda ke hannun yaron. Yanzu malamar aji huɗu ce za ta yi abin da suka kasa?

Sannan halinku daban ne. Ku hukuma ce ta yi muku nisa. A nan kuwa bindigar tana cikin gida, a durowa, a ƙarƙashin katifa, a motar uba. A 2021 mutum sama da 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar nan, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa.

Ɗan Gusau:
Minti 77. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk da haka ina nan a kan bakana game da ƙauyukanmu, Hajiya, amma na ji bambancin.

Abban Yusra:
Akwai wani ɓangare da mu baƙi muke lura da shi a nan. Idan maharin Musulmi ne, kafin magariba an ce ta'addanci, an fara tambayar wane masallaci yake zuwa. Idan baƙar fata ne, a ce halin unguwarsu ne. Idan farar fata ne ɗan gidan rufin asiri, sai a shiga neman abin da ya lalata yaron kirki, a nan ne ake tuno gem.

Ummi Zariya:
An ma auna wannan, Abban Yusra. Wani bincike da masana daga jami'ar Villanova suka jagoranta a 2019 ya duba dubban rahotannin jaridu, ya samu cewa a harbin makaranta an fi ambaton gem kusan ninki takwas idan maharin farar fata ne a kan idan baƙar fata ne.

Game da ƙarar da ka fara da ita, hanyar tana da wuya. Iyalan malamin da aka kashe a Columbine sun yi ƙarar kamfanonin gem, kotu ta kori ƙarar a 2002. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta soke dokar California da ta hana sayar wa yara wasannin kisa, ta ce gem yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki kamar littafi da fim. Inda iyaye suka taɓa samun nasara shi ne ta ɓangaren talla: iyalan Sandy Hook sun samu dala miliyan 73 a 2022 a sasantawa da Remington, kamfanin da ya ƙera bindigar maharin, bisa yadda aka tallata bindigar ga samari a matsayin alamar mazantaka. Ni a ganina a nan ne ƙarar Uvalde take da nauyi. Ban yarda wasa ya mai da yaro makashi ba, amma tambayar yadda kamfanin bindiga ke isa ga yaron da bai kai shekarun saye ba, tambaya ce ta gaske.

Malam Na Islamiyya:
Ni abin da ya fi tsorata ni a allo ba wasan ba ne, na gasken ne. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ya shiga masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand ya kashe masallata 51, Allah Ya karɓi shahadarsu. Ya ɗaura kyamara a ka yana watsawa kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce a awa 24 na farko ya cire ko ya tare kwafi miliyan ɗaya da rabi. Bayan shekara uku, wanda ya kashe baƙaƙen fata 10 a kantin Tops na Buffalo ya rubuta cewa wancan ne ya zaburar da shi, shi ma ya watsa nasa kai tsaye. Ga kwaikwayo ƙarara, daga bakin mai yin sa. Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta gane abin da maharin Christchurch yake nema, ta ce ba za ta taɓa furta sunansa ba, kuma cikin ƙasa da wata guda majalisarsu ta haramta irin bindigogin da ya yi amfani da su da ƙuri'a 119 a kan ɗaya.

Kuma mu ji tsoron Allah, bidiyon nan ya zagaya wayoyinmu. Mutanenmu sun tura wa juna da niyyar a ga zaluncin da aka yi wa Musulmi, alhali abin da makashin ya so ke nan, shi ya sa ya ɗauka. Waɗanda ke cikinsa iyayen wasu ne, 'ya'yan wasu ne.

Admin:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Daga yau duk wanda ya turo bidiyon gawa ko na kisa a zauren nan, na Amurka ne ko na gida, zan goge, in ya sake in cire shi. A kawo labari da baki, a yi addu'a, ya wadatar.

Baffa Kurna:
Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Amma Abban Yusra, ban janye ba. Ko ba zai yi kisa ba, ka rage masa. Ka fitar da na'urar daga ɗakin kwana ka kawo falo inda kake gani.

Abban Yusra:
Wannan kam zan yi, Baffa. Akwai ma alamar shekaru a jikin kwalin kowane gem, Call of Duty na 'yan 17 zuwa sama ne, nawa kuwa 14 yake. Za mu zauna da shi da mahaifiyarsa. Kuma maganar Ummi ta cewa yawanci akwai yaron da ya sani tun kafin ranar, ita zan fi jaddada masa: in ya ji wani ɗan aji yana irin wannan magana, ko da wasa, ya gaya mini.

Maman Hanif:
Ka ƙara da wannan. Kafin in bar Hanif ya je gidan abokinsa, sai na kira uwar yaron na tambaye ta ko akwai bindiga a gidan, in akwai ko tana kulle. Da farko nauyin tambayar nake ji, sai na ga su ba sa ɗaukarta da zafi, wasu ma har su gaya maka irin akwatin da suke ajiye ta. A Michigan an ɗaure uwa da uba a 2024, kowanne shekara 10 zuwa 15, saboda ɗansu mai shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford da bindigar da uban ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A safiyar ranar makaranta ta kira su ta nuna musu zanen bindiga da jini da yaron ya yi, suka koma wurin aiki suka bar shi a aji, babu wanda ya buɗe jakarsa.

Ɗan Gusau:
Hajiya, in uwar ta ce akwai kuma ba a kulle take ba fa?

Maman Hanif:
Sai in ce ɗanta ya zo gidanmu su yi wasan a nan, ni zan je in ɗauko shi in mai da shi.